A Auna Tausayin Likita da Bakin Mara Lafiya

 

Duk wanda ya taɓa haye gadar Wudil ranar Juma'a, ya kutsa cikin kasuwa, ya san mutanen garin ba baƙin awo ba ne. Mai hatsi na tsugune da kwanonsa, mahauci na tsaye da sikelinsa, mai yadi na riƙe da ma'auninsa. Can a kara kuma, inda fatake ke cinikin shanu, ba a sallama sa sai mai saye ya zagaya shi, ya duba haƙori, ya taɓa tozo. Akwai dokar da kowa ya yarda da ita a wannan kasuwa ko da ba a rubuta ta ba, wato mai sayarwa ba ya zama shaidar kayansa shi kaɗai. In ya ce kwanonsa cikakke ne, mai saye zai ce a auna a gabansa.

A asibiti ma awo ake yi. Ana auna hawan jini, a auna zafin jiki, a ɗora jariri a sikeli, a ɗebi jini a duba suga. Mata masu juna biyu har sunan zuwansu asibiti ya koma “awo”. A ƙarshen wata a tattara lissafin mutum nawa aka gani, nawa aka kwantar, nawa suka haihu, a aika wa hukuma. Sai dai akwai abin da mara lafiya ke fitowa da shi daga ɗakin likita wanda da wuya a tarar da shi a wannan lissafi. Shin an saurare shi? An gane abin da ke damunsa? An yi masa bayani da harshen da yake ji? Wannan ne abin da za a tattauna a tsakar gida bayan an dawo, kuma shi ne zai sa tsohuwa daga Darki ko Utai ko Lajawa ta koma asibiti ranar da aka ce ta koma, ko kuma ta rantse ba za ta ƙara taka shi ba, ta rungumi mai kemis.

Ra'ayinmu shi ne lokaci ya yi da asibitocinmu za su riƙa auna tausayin likita kamar yadda suke auna hawan jini, kuma a ɗauki awon daga bakin mara lafiya, da Hausa, ta hanyar da kunyarsa ba za ta haɗiye gaskiyarsa ba.

Wane tausayi ake nufi?

A bakin Bahaushe, tausayi yakan zo da ma'anar karayar zuciya. Ka ga mutum cikin wahala, idonka ya ciko, ka ce “Allah sarki”. Hali ne mai kyau, amma masana harkar lafiya wani abu daban suke aunawa, domin likitan da zai riƙa zubar da hawaye a kan kowane mara lafiya ba zai kai azahar yana aiki ba. Abin da suke nufi shi ne likita ya gane halin da mara lafiya ke ciki yadda shi mara lafiyar ke ganinsa, da tsoron da ke ransa da nauyin da ke kansa. Bayan ya gane, ya nuna masa cewa ya gane, ya kuma tabbatar bai yi kuskuren fahimta ba. Daga nan sai ya yi aiki da wannan fahimta wajen tsara magani.

A ɗauki misalin manomin da aka gano yana da ciwon suga a cikin watan Sha'aban. Likita na tunanin ƙwayar da zai rubuta masa da abincin da zai hana shi. Shi kuwa bawan Allah abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: azumi ya ƙarato, yaya zai yi? In ba a ba shi damar faɗa ba, zai karɓi takarda ya yi godiya, ya je gida ya ajiye maganin sai bayan Salla, ko ya sha shi da sahur yadda ya ga dama har suga ya faɗi ya yanke jiki a gona. Likitan da ya tambaye shi abin da ya fi damunsa zai ji zancen azumi cikin minti guda, ya gyara masa lokutan shan magani, ko ya gaya masa a fili cewa jikinsa ba zai ɗauka ba, ya tuntuɓi malaminsa a kan rangwamen da Shari'a ta yi wa mara lafiya. Ilimin likitocin biyu ɗaya ne, amma na biyun ne maganinsa ya shiga jikin mara lafiya yadda ya kamata.

Yadda wasu suka ƙera ma'auni

A shekarar 2004, Farfesa Stewart Mercer da abokan aikinsa a Jami'ar Gilasgo da ke Birtaniya suka wallafa wata takardar tambayoyi da ake kira ma'aunin CARE. Tambayoyi 10 ne da mara lafiya ke amsawa bayan ya fito daga wurin likita. Sun shafi yadda likita ya kwantar masa da hankali, ko ya bar shi ya ba da labarin ciwonsa, ko ya saurara da gaske, ko ya dube shi a matsayin mutum mai iyali da sana'a, ko ya gane damuwarsa, ko ya yi masa bayani a sarari, da kuma ko sun tsara abin da za a yi tare. Kowace tambaya tana da maki daga 1 zuwa 5, saboda haka jimilla tana kamawa daga 10 zuwa 50. An fassara wannan ma'auni zuwa harsuna da dama, ciki har da Sinanci da Japananci.

A Amurka kuma, Dokta Mohammadreza Hojat da abokan aikinsa a kwalejin likitanci ta Jefferson da ke birnin Filadalfiya sun fito da nasu ma'aunin a 2001, mai tambayoyi 20, wanda likita ke cikewa a kan kansa. Daga baya suka ƙara wani gajere mai tambayoyi 5 wanda mara lafiya ke cikewa a kan likitansa. Ƙarin ya zama dole, domin abin da mutum ke zato game da kansa daban, abin da mutane ke gani daban. Wani bincike da aka wallafa daga Burazil a 2018 ya gwama makin da likitoci suka ba kansu da wanda marasa lafiyarsu suka ba su, ya tarar babu wata alaƙa ta a zo a gani tsakanin biyun. Dokar kasuwar Wudil ce ta bayyana a asibiti.

Mai karatu na iya cewa duk wannan kwalliya ce, in dai likita ya san magani ai shi ke nan. Alƙaluma sun nuna akasin haka. A 2011 Hojat ya bibiyi masu ciwon suga 891 da ke hannun likitoci 29. A cikin waɗanda likitocinsu suka samu maki mai yawa, kashi 56 cikin 100 sugansu ya daidaita, a cikin waɗanda likitocinsu suka samu maki kaɗan kuwa kashi 40 ne. A 2012 aka yi makamancinsa a lardin Parma na Italiya da masu ciwon suga fiye da 20,000 da likitoci 242, aka ga marasa lafiyar likitoci masu maki mai yawa sun fi tsira daga rikicewar suga mai kai mutum gadon asibiti. Hatta mura, wani bincike na Jami'ar Wiskonsin a 2009 ya nuna waɗanda suka ba likitansu cikakken maki a ma'aunin CARE sun riga sauran warkewa da kusan kwana guda. Irin waɗannan bincike alaƙa suke nunawa, kuma ba a cewa tausayi shi kaɗai ke warkarwa. Amma dalilin alaƙar a bayyane yake. Wanda aka saurara yakan faɗi abin da ya ɓoye, har da jiƙon da yake sha a gida, kuma wanda ya gane bayani yakan sha magani yadda aka ce, ya dawo ranar da aka sa masa.

Akwai kuma batun lokaci, wanda shi ne uzurin da aka fi bayarwa. A 1984 wasu masu bincike biyu a Amurka, Beckman da Frankel, sun naɗi tattaunawa 74 tsakanin likitoci da marasa lafiya, suka tarar likita na katse mara lafiya bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara magana. A 2002 aka gwada akasin haka a birnin Basel na Siwizalan, aka ce likitoci su yi shiru har mara lafiya ya gama. Matsakaicin lokacin da marasa lafiya suka ɗauka daƙiƙa 92 ne, kuma kusan kashi 80 cikin 100 sun gama kafin minti biyu. Ashe abin da ake tsoron zai cinye yini, ko lokacin alwala bai kai ba.

Matsalar “da sauƙi”

Mu ma a nan gida an taɓa tambayar marasa lafiya. A 2010 Farfesa Zubairu Iliyasu da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda suka tambayi kimanin mutum 200. Kashi 83 cikin 100 suka ce sun gamsu da hidimar da aka yi musu, kashi 88 suka ce sun gamsu da mu'amalarsu da ma'aikata, yayin da kashi 30 suka koka da jiran layi, kashi 27 kuma da tsadar magani. Aiki ne abin yabo, kuma ya nuna cewa Bakano zai amsa in an tambaye shi. Amma gamsuwa da hidimar asibiti gaba ɗaya tambaya ce mai faɗi, ba ta gaya mana abin da ya gudana tsakanin wannan likita da wannan mara lafiya a wannan safiya.

Ga kuma wata matsala da ta shafi tarbiyyarmu. Je ka gaida wanda ke kwance rai a hannun Allah, ka ce masa “Ya jiki?” Zai ce maka “Da sauƙi, alhamdu lillahi.” Haka aka rene mu, kuma akwai alheri a ciki, domin godiya ce ga Allah da ƙin kai ƙararSa wurin bayi. Sai dai wannan ladabi, in ya haɗu da kunya da kara da girman da muke ba mai farar riga, yakan rufe bakin mutum ko a inda ya kamata ya yi magana. In ma'aikacin asibiti ya tsare dattijo a bakin ƙofa ya ce, “Baba, ka gamsu da likita?” amsar da zai samu an san ta tun kafin a tambaya: “Allah Ya saka masa da alheri.” Dattijon na iya faɗin haka alhali bai san sunan ciwonsa ba. Yana kuma iya jin tsoron kada ƙorafinsa ya koma kunnen likitan da gobe zai sake zama a gabansa. Ma'aunin da aka ɗauko daga Gilasgo aka juya shi Hausa kalma da kalma zai iya dawo mana da maki 50 daga kowane baki, mu yi ta murna a kan kwanon da ba a cika ba.

Darasi daga Sayyidina Umar

Maganin wannan matsala yana cikin tarihinmu. Imam Ɗabari ya kawo a cikin littafinsa na tarihi cewa idan tawaga ta zo wa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi (RA) daga wani lardi, yakan tambaye su game da gwamnansu, su kuma su yaba shi. Umar ba ya tsayawa a kan wannan yabo. Sai ya shiga tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: ko gwamnan yana zuwa gaida marasa lafiyarsu, ko yana gaida bawa in ya kwanta ciwo, yadda yake yi da mai rauni, da ko yana zama inda mai buƙata zai same shi. In suka ce a'a a kan ɗaya daga ciki, sai ya sauke shi. A lura da abu biyu. Umar talakawa ya tambaya, bai aika wa gwamna ya yi wa kansa shaida ba. Sannan ya san tambaya mai faɗi yabo take haifarwa, saboda haka ya koma tambayar aiki, irin wadda amsarta “ya yi” ko “bai yi ba”. Masu ƙera ma'auni a yau a kan wannan tubali suke gini.

Haka nan, labarin tausayin Manzon Allah (SAW) ga mara lafiya daga bakin mara lafiyar muka ji shi. Bukhari ya ruwaito cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA) ya yi ciwo mai tsanani a Makka, Annabi ya zo gaishe shi, ya saurari damuwarsa game da dukiyarsa da 'yarsa, ya ba shi amsa, ya ɗora hannunsa mai albarka a goshinsa, ya yi masa addu'a. Sa'adu ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, yana ba da labari cewa har lokacin yana jin sanyin wannan hannu a jikinsa. Aya ta 159 a Suratu Ali Imrana kuma ta danganta taruwar mutane a wurin Annabi da taushin halinsa, ta nuna kaushi da busasshiyar zuciya na watsa jama'a, sannan ta umarce shi da shawartarsu. Idan kaushi zai iya korar mutane daga wurin mafificin halitta, to korar mai hawan jini daga layin asibiti abu ne mai sauƙi.

Magabata ba su ɗauki bin diddigin likita a matsayin cin fuska ba. A shekarar 931 Miladiyya, bayan wani mara lafiya ya rasu saboda kuskuren mai magani, Halifa Muƙtadir ya sa babban likitansa Sinan ɗan Sabit ya jarraba masu aikin likita a Bagadaza kafin a bar su su ci gaba. Tun kafin nan Ishaƙ ɗan Ali Ruhawi ya rubuta littafinsa Adabuɗ Ɗabib, inda ya tattauna ladubban likita da na mara lafiya da na masu zuwa gaisuwa. Sun jarraba ilimi, sun rubuta ladabi. Abin da zamaninmu ya ƙara shi ne hanyar jin ta bakin mara lafiya a tsare, a lissafe.

Mudun da zai dace da Wudil

Wudil wuri ne da ya dace a fara wannan gwaji. Gari ne a kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, mai babban asibiti da ƙananan cibiyoyin lafiya, mai tara manoma da masunta da makiyaya da fatake. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ta fara aiki a 2001, da ɗalibanta na lissafi da ƙididdiga da ke neman batun binciken kammala karatu kowace shekara. A Jami'ar Bayero kuma akwai malaman likitanci da masana harshen Hausa a inuwa ɗaya. Ma'aunin da ya yi aiki a Wudil zai yi aiki a Gaya da Sumaila da Rano.

Muna ganin sai an cika wasu sharuɗɗa kafin awon ya zama na gaskiya. Na farko, a tambayi aiki, kada a tambayi ra'ayi. Maimakon “Ka ji daɗin ganin likita?” a ce, “Ya bar ka ka gama bayani kafin ya fara rubutu? Ya gaya maka sunan ciwonka? Ya tambaye ka ko kana da tambaya? Ka san sau nawa za ka sha wannan magani, kuma har kwana nawa?” Mutumin da kunya za ta hana shi cewa likita bai kyauta ba, ba za ta hana shi cewa bai san sunan ciwonsa ba.

Na biyu, a yi tambayar da baki, domin da yawa daga iyayenmu ba sa karanta boko, kuma su ne suka fi buƙatar a ji su. Lamba 1 zuwa 5 ba ta da ma'ana ga kowa, amma kowa ya san bambancin kwano cike da rabin kwano da wanda babu komai a ciki. Ana iya nuna hoto ko a faɗa da baki.

Na uku, mai tambaya kada ya zama ma'aikacin asibitin, kada ya sa farar riga, kada ya rubuta suna ko lambar kati, kuma a zauna nesa da ɗakin likita. A gaya wa mara lafiya tun farko cewa amsarsa amana ce.

Na huɗu, mace ta tambayi mace, ita kaɗai. Sau da yawa miji ko suruka ko yaya ne ke magana a madadin mara lafiya a gaban likita. Ya kamata a tambaye ta ko likita ya juyo ya ji ta bakinta, ko an kiyaye suturarta lokacin dubawa, ko an ba ta damar faɗin abin da ba za ta iya faɗa a gaban ɗan rakiya ba. Waɗannan tambayoyi ba sa cikin takardun da aka ƙera a Turai, kuma a wurinmu suna cikin zuciyar al'amarin. Haka Bafulatanin da Hausarsa ba ta nuna ba, a nema masa mai jin Fillanci.

Adalci ga likita

Suratul Muɗaffifina ta yi kashedi ga masu cika mudu in za su karɓa, su tauye in za su bayar. Kashedin ya hau kanmu mu ma a nan. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna Nijeriya na da kimanin likita 4 ga kowane mutum 10,000, kuma rabon bai daidaita ba, birane sun kwashe mafi yawa. A 2023 hukumar ta sanya Nijeriya cikin ƙasashe 55 da ƙarancin ma'aikatan lafiyarsu ya kai a yi hattara da kwashe su zuwa waje. Likitan da ya kwana a ɗakin haihuwa, ya wayi gari da dogon layi a ƙofarsa, ba za a auna shi da mudun wanda ke ganin mutum goma a yini ba. Saboda haka duk inda aka rubuta makin likita, a rubuta a gefensa mutum nawa ya gani a ranar da awa nawa ya yi a bakin aiki. In maki ya faɗi a duk ranar da layi ya yi tsawo, to awon hukuma ya kama, ita za ta amsa tambaya.

Kada kuma a yanke wa likita hukunci da bakin mutum biyu ko uku. Masu ma'aunin CARE sun nuna ana buƙatar amsar kimanin marasa lafiya 50 kafin makin likita guda ya zama abin dogaro. Sakamakon a ba likita a asirce, shi da shugabansa, domin ya gyara. Binciken Hojat na 2009 ya nuna makin ɗaliban likitanci na raguwa a shekarar da suka fara shiga ɗakunan marasa lafiya. Abin da gajiya da koyi da na gaba ke iya ragewa, horo da kyakkyawan misali na iya dawo da shi.

Sannan a bambance tausayi da biyan son rai. Da yawa daga cikinmu ba ma jin an yi mana magani sai an yi allura ko an ɗaura ƙarin ruwa. Likitan da ya hana allurar da ba a buƙata, ya zauna ya yi bayanin dalili, ya fi tausayi a kan wanda ya rubuta ta don a rabu lafiya. Wani babban bincike a Amurka a 2012, mai mutum fiye da 50,000, ya tarar waɗanda suka fi nuna gamsuwa sun fi kashe kuɗin magani, sun fi kwanciya a asibiti. Shi ya sa muka nace a tambayi sauraro da bayani, kada awon ya koma gasar faranta rai.

Nauyin da ke kan gidajenmu

Doka ta riga ta ba mara lafiya wannan haƙƙi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a sanar da shi halin lafiyarsa da harshen da yake fahimta. Kundin Haƙƙoƙin Marasa Lafiya da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a watan Yulin 2018 ya jaddada haƙƙin bayani da haƙƙin mutuntawa da haƙƙin kai ƙorafi. Amma haƙƙin da mai shi ke jin kunyar ambata kamar babu shi ne.

Ya kai magidanci, ya ke uwargida, in an tambaye ku yadda likita ya yi da ku, shaida ake nema a wurinku, kuma kun san matsayin shaida a Musulunci. Faɗin gaskiya ga wanda ke da ikon gyara ba giba ba ce. Imam Nawawi a Riyadus Salihina ya lissafa wuraren da ambaton aibin mutum ya halatta, ciki har da kai kuka ga mai ikon share hawaye da neman taimako a kan gyara ɓarna. Abin da bai halatta ba shi ne a yi shiru a gaban mai tambaya, a je majalisa ko Facebook a yaga mutuncin mutum da suna, ko a ƙara gishiri saboda haushin jiran layi da ba laifinsa ba. Kuma in likita ya kyauta, a faɗa dalla-dalla abin da ya yi, domin shi ma mutum ne, yabo na gaskiya na ƙara masa ƙarfi. Mu kuma koya wa 'ya'yanmu cewa tambayar likita “Mene ne sunan ciwon?” ko “Don Allah a maimaita mini” ba rashin kunya ba ne.

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da Hukumar Kula da Asibitoci su haɗa likitoci da masana Hausa da malaman addini su ƙera wannan ma'auni, a gwada shi a Wudil na wata shida, a gyara, sannan a faɗaɗa. Muna kira ga Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta jiha ta sanya jin bakin mara lafiya cikin abin da take dubawa a asibitocin da take biya. Muna kira ga limamai su taɓo haƙƙin mara lafiya da haƙƙin likita a huɗuba. Ga ɗalibanmu na likitanci da aikin jinya da ungozoma kuwa, ba sai kun jira takardar hukuma ba. Gobe in kun shiga ɗakin marasa lafiya, ku yi sallama, ku faɗi sunanku, ku bar mutum ya gama maganarsa, kuma kafin ya tashi ku ce ya maimaita muku yadda zai sha maganin. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a asibitin da gado ya yi kaɗan, ita ce shimfiɗar da ba ta jiran kasafin kuɗi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya sanya ciwonsu ya zama kaffara. Allah Ya saka wa likitocinmu da ma'aikatan jinya da alheri, Ya ƙara musu haƙuri da ƙwarewa, Ya ba shugabanninmu ikon sauke amanar da ke wuyansu. Amin.